Tambayar Mama Saude a Gadon Asibiti

Ina kasuwar Zuba labarin ya same ni. Kankana na je saye, don a 'yan kwanakin nan bakin Mama Saude ba ya karɓar komai sai abu mai ruwa, kuma ta sha gaya mana cewa wadda ake sayarwa a ƙofar asibiti rana ta gama da ita tun kafin ta iso hannun mutum. Mai kayan yana ƙwanƙwasa mini ɗaya yana yabonta sai wayata ta yi ƙara. Grace ce, abokiyar aikina, 'yar garin Sheda. Ba ta gaishe ni ba, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta ce da Hausarta ta koyo, "Nafisa, Mama ya rasu. Yanzu yanzun nan." Na ce inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, sannan na ci gaba da tsayuwa ina kallon mai kankana kamar shi zai gaya mini abin da ake yi bayan haka. Na karɓi kankanar, na shiga mota da ita a cinya har Garki, ban san wa zan kai wa ba.

Hajiya Saude ita ce shugabar nas-nas a asibitin da nake aiki har ta yi ritaya, amma in ka ji an ce mata Hajiya to baƙo ne. Mama kowa ke cewa, har likitocin da suka girme ta. A Masar ta yi karatun jinya, lokacin da aiki ya kai mijinta Alhaji Bello can. Da ta dawo ta ɗauka za a yi mata sannu da zuwa a nuna mata ɗakin marasa lafiya. Sai aka ce takardunta na Larabci ne, a fassara. Aka fassara, aka ce sai makarantar da kanta ta aiko da tabbacin cewa ta yi karatun. Tabbaci ya iso, aka ce ta je ta yi aiki ƙarƙashin idon wasu na wani lokaci, ta kuma sake rubuta jarrabawa, kafin hukumar da ke yi wa nas-nas rajista ta ba ta lasisi. Da 'ya'yanta biyu ta koma cikin kayan ɗalibai, yarinyar da ba ta kai ta iya aiki ba tana aikenta ɗauko fo. Ban taɓa jin ta ba da wannan labari da ɗaci ba. Cewa take yi, "Ba su san ni ba. Me zai sa su damƙa mini marar lafiyarsu?"

Wannan wahalar da ta sha ce ta mayar da gidanta na Garki wurin zuwan duk wata nas da takardu suka rikita. Akwai waɗanda suka yi karatu a Sudan ko Nijar ko Indiya suka dawo suna neman a yarda da su a nan. Akwai kuma irinmu, da muka yi karatu a gida muke neman a yarda da mu a waje. Ni mijina yana Ingila, kuma ba na son in je in zauna hannu rabbana bayan shekarun da na yi a kan aiki. Mama ce ta warware mini hanyar, don ni da na karanta sharuɗɗan kaina juyawa ya yi. Ta ce in fara da jarrabawar Turanci, in sa hukumarmu ta nan ta tabbatar musu da lasisina, in rubuta jarrabawar da ake yi a kwamfuta, in daina tambayar 'yan rukunin waya da kowa ke faɗin nasa. Duk na yi, Allah ya taimake ni na wuce. Saura guda ɗaya, jarrabawar aiki, wadda sai an je can ake yi. A nan ne ake sa wani ya kwanta a matsayin marar lafiya, mai jarrabawa yana gefe yana kallon duk abin da hannunki da bakinki suka yi.

Don wannan jarrabawar muke taruwa a falonta kowace Asabar bayan la'asar. Ita ce marar lafiyar. Sai ta miƙe a doguwar kujera, ta ja zane har wuya, ta rufe ido. Ke kuma ki fita, ki ƙwanƙwasa, ki shigo, ki wanke hannu, ki faɗi sunanki, ki tambayi nata da ranar haihuwarta, ki nemi izini kafin ki taɓa ta, duk da babbar murya. Mama ba ta da sauƙi a kan wannan kujera. Wata rana tsohuwar Bafulatana ce daga rugagen bayan gari, in kin tambayi ranar haihuwa ta ce shekarar da shanu suka yi ciwon baki. Wata rana Baturiya ce mai tsiwa da ke son sanin dalilin kowace ƙwaya. Mukan yi dariya har Alhaji Bello ya leƙo daga ɗakinsa ya tambaya ko marar lafiyar tasa za ta samu ta tashi ta ci abinci.

Wuri ɗaya nake faɗuwa, kuma kowane mako a nan nake faɗuwa. In Mama ta zama mai ciwo mai tsanani, ta kalle ni ta ce, nas, gaya mini abin da aka gani, sai bakina ya mutu. In sunkuyar da kai, in ce za a samu sauƙi da yardar Allah, in juya ina neman Grace da ke zaune a matsayin 'yar uwa don in ja ta gefe. Ba da gangan nake yi ba. Haka na taso, haka na ga ana yi, haka na yi aiki tun ranar da na fara. A wurinmu ba a duban idon babba a ce masa ciwonka ba ya jin magani. Dangi ake kira waje a gaya musu, su su san yadda za su yi da shi. Mama sai ta yaye zanen ta tashi zaune ta ce, "Kin faɗi. A can mai ciwo shi ke da ciwonsa. Ba mijinta ba, ba yayanta ba."

Na taɓa yi mata gardama. Na ce Mama, namu fa ba ƙarya ba ne, kara ce da tausayi, kuma ke kanki na sha ganin kin ja dangi zuwa baranda kin bar mai jiki yana barci. Ba ta musa ba. Ta ce, "Ban ce namu ba shi da kyau ba. Na ce ba shi za a tambaye ki ba." Na so ta ƙara, ta gaya mini wanne ne daidai a wurinta, amma ta koma ta kwanta ta ce in fita in sake shigowa. Har yau ina jin haushin wannan amsar, don ba ta raba mini komai ba.

Da ciwo ya kwantar da ita, a asibitinmu aka ba ta gado. Ta daɗe tana fama da ciki tana cewa gyambo ne. Sakamakon gwaji ya fito, ciwon daji ne, kuma ya riga ya yi nisa. Alhaji Bello ya tara mu a baranda, mu da ta rena a aiki, ya roƙe mu don girman Allah kada kowa ya gaya mata. Ya ce ya san matarsa, in ta ji za ta daina cin ɗan abin da take ci. Dattijo ne, muryarsa na rawa, ba wadda ta iya ɗaga kai balle ta ce a'a. Muka riƙa shiga muna fita muna cewa gyambon ya kusa lafawa. Ita kuma tana cewa to, Allah ya sa. Tana kallon ledar ruwan da aka rataya mata, tana karanta sunan maganin da muke zubawa a ciki.

Wata rana bayan azahar Alhaji ya tafi masallaci, ni kaɗai ce a wurinta ina gyara mata matashi. Sai ta ce in fita in sake shigowa. Na ɗauka ban ji daidai ba. Ta ce, "Ki ƙwanƙwasa."

Na fita. Na tsaya a bayan ƙofa, ban san ko wasan Asabar ne ta tuna ba, ko zafin ciwo ne, ko kuwa abin da nake tsoro ne. Na ƙwanƙwasa, na shiga, na wanke hannu. Na faɗi sunana ga matar da ta san ni tun ina rawar hannu wajen neman jijiya. Na tambayi nata, ta faɗa cikakke, da ranar haihuwarta ta gaskiya. A nan na gane ba wasa ba ne, don a falo ba ta taɓa ba da nata na gaskiya ba. Na jawo kujera na zauna yadda idona zai yi daidai da nata, kamar yadda ta koya mana.

Ta ce, "Nas Nafisa, me aka gani a cikina?"

Na waiga. Ba Grace, ba kowa a gefe da zan ja zuwa waje. Alkawarin da na yi wa Alhaji yana kaina, ga kuma idonta a kaina. Ban san wanne zan bi ba, kuma ba zan ce na zauna na auna na zaɓa ba. Bakina ne ya buɗe. Na tambaye ta ko tana son in faɗa mata duka, ta ce duka. Na faɗa mata sunan ciwon. Ta tambaya ko ya kai hanta, na ce ya kai. Ta kalli silin, leɓenta na motsi, ni kuma hawaye na zuba a kan rigar aikina.

Da ta juyo sai ta ce, "Ba ki tambaye ni ko ina son wani nawa ya zauna kusa da ni ba. Za su rage miki maki a nan. Sauran kin yi daidai." Ta kama hannuna ta matse, da ɗan ƙarfin da ya rage mata. Sannan ta ce, "Kada Alhaji ya san na sani."

Wannan kalma ita ta fi komai ɗaure mini kai. Matar da ta yi watanni tana kayar da ni saboda ina ɓoye wa mai ciwo gaskiya, ga ta tana sa ni in ɓoye wa mijinta. Alhaji ya dawo daga masallaci ya tambayi jiki, ta ce gyambon yau ya lafa, har tana jin marmarin kankana. Ya ce alhamdulillahi. Na tattara kayan aikina na fita, ban san ko amana na ci ba ko amana na sauke.

A zaman makoki dangi suka yi ta cewa Allah ya yi mata gata, ta tafi ba ta san abin da ke cinta ba. Duk wadda ta faɗa sai in kawar da kai. Da mutane suka ragu na kasa daurewa. Na samu Alhaji a falo, yana zaune a ƙasa ya jingina da doguwar kujerar nan, ba wanda ya hau ta tun da aka kai Mama asibiti. Na durƙusa na ce Baba, ina da magana, kuma ina neman gafara. Na gaya masa duka, har abin da ta hana ni faɗa.

Ya saurare ni har na gama. Sannan ya ce, "Nafisa, matar da ta ƙare rayuwarta tana karanta sakamakon gwajin mutane? Tun ranar farko na san ta sani. Ta ga ba zan iya furtawa ba ne, ta ƙyale ni." Ya share fuska da gefen rigarsa. Ya ce ranar da ya dawo daga masallaci ya ga idona, ya gane an yi maganar, kuma a daren bai roƙi komai ba sai godiya. "Tana bukatar ta ji daga bakin wani. Ni na kasa."

Shi ya ba ni izinin rubuta wannan. Tafiyata ta matso, jarrabawar tana jirana a can, kuma na san abin da za a tambaye ni, na san kuma amsar da ake so. Abin da ban sani ba shi ne abin da zan yi ranar da wani dattijo zai sake tare ni a baranda muryarsa na rawa. Na so in koma wa Mama da wannan tambayar wata Asabar, ko da amsar da za ta ba ni ta sake ba ni haushi.

Allah ya jiƙan Mama Saude, ya gafarta mata, ya sa ciwon da ta sha ya zama kaffara. Ya haskaka kabarinta, ya saka mata da alherin duk marar lafiyar da ta taɓa, da duk nas ɗin da ta tsaya wa har aka yarda da ita a inda ba a san ta ba. Allah ya ba 'ya'yanta da jikokinta haƙuri, ya albarkaci bayanta. Ya dubi Baba Alhaji Bello, ya sanyaya masa zuciya, ya haɗa su a Aljanna, inda ba wanda zai ɓoye wa ɗan'uwansa ciwo. Mu kuma in tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani. Amin.