Ƙarshen da Hajiya Ta Ajiye wa Baba

Lokacin da majalisa ta taso daga Ikko zuwa Abuja, Baba ya kwaso mu ni da kakata Hajiya Yaya ya zuba a wani gida mai ɗakuna birjik, babu maƙwabci ko na ɗiban wuta. Tun kafin a haife ni yake wakiltar mazaɓarmu, kuma duk wani sabon abu da aka kawo zauren sai ya miƙe ya ce a'a, ba haka muka gada ba. Gidan rediyo ya fi mu jin muryarsa.

Hajiya ta ce ba ta cin tuwon gas. Ta sa aka kafa mata murhu a bayan gida, wata mata daga Jiwa tana kawo mata itace a kafaɗa. Bayan isha'i nan muke zama mu biyu, kwanon tuwon Baba a rufe da faifai kusa da wuta. Shi ne ɗanta na fari, don haka ba ta kama sunansa, balle ta aika a kira shi. Sai dai ta ce, "Mutumin naki bai dawo ba?"

"Ga ta nan, ga ta nanki, ja'ira," haka take farawa. Tatsuniyar da ta fi maimaitawa ita ce ta wani mutum da gari ya naɗa ya tsare wutar kakanni. Ya ɗauki sanda ya ba wutar baya, yana korar iska, yana korar ruwa, yana korar duk baƙon da ya doso. Gari ya yi ta yabonsa, har furfura ta cika masa kai.

"Ran nan dai sai ya ji sanyi a bayansa. Sai ya juya." A nan take tsayawa ta gyara itace.

"Sai me, Hajiya?"

"Ke da gaggawa kamar zawo! Ƙarshen na manya ne, sai mun cika."

Na yi ta jin haushi. Wani lokacin mukan ji tsayawar motarsa, ya leƙo daga bakin ƙofa ya gaishe ta kansa a ƙasa, ta amsa tana kallon wuta, ya wuce wajen baƙinsa. Ita kunya, shi kunya. Da safe ni nake cin ɗumamen.

Ta rasu yana zauren majalisa. Bayan wasu zaɓuɓɓuka matasa suka kayar da shi, baƙin falo suka ɗauke ƙafa. Na zo duba shi wata yamma na tarar da shi zaune a bayan gida gaban duwatsun murhun. Na ba shi tatsuniyar har inda ta tsaya. A da na ɗauka don ni take yin ta. Ranar na gane wanda take ajiye wa tuwo shi take ajiye wa ƙarshen, sai tausayinsu ya kama ni su duka biyun.

"Da ya juya me ya gani?" ya tambaye ni.

"Ba ta faɗa ba, Baba. Kai take jira."