Aron Fuska

Mai ƙwai ba ta yarda da kowa, kuma ba ta ɓoyewa. Shekara da shekaru tana zaune a bakin layin masu gyaran waya, duk ƙwan da aka kawo mata sai ta girgiza shi a kunne. Ko gaisuwa ka cika yi mata, sai ta ce ruwa ba ya tsami banza.

Amma ƙanin mijinta daban ne, ta san shi tun yana yawo ba wando. Ya shigo falo da fara'a, ya ce, "Matarmu, ara mini fuskarki mana. Asusun kirifto zan buɗe, na kuɗin intanet ɗin nan, katin shaidata ya ƙi shiga."

"Fuskar ma aronta ake yi? Taka tsoro ta ba su?"

Aka yi dariya. Ta miƙa katin shaidarta, ta kalli wayarsa, ta ƙifta ido, ta juya kai hagu da dama. Wai ita mai wayo!

Da damina ta zagayo, jami'an tsaro biyu suka tsaya a gaban teburinta. Kuɗi sun bi ta asusun nan, ta wani lungun intanet da ba kowa ke shiga ba, sun faɗa hannun masu tayar da bam. Ƙanin miji kuwa ya yi layar zana.

Lauyan da ta je wurinsa bai yi mata rufa-rufa ba. Ya ce, "Hajiya, wanda ya tura ba shi da suna, wanda ya karɓa yana wata ƙasa, kotunmu ba ta kai can. Ke kaɗai ce ke da fuska a maganar nan. Ko ki faɗi wanda ya riƙe wayar, ko ki kwana a ciki."

Tsoro ya kama ta sosai. Ta koma gida ta tarar da maigida a kan tabarma, yana jan carbi da sauri.

Bai ɗago ba ya ce, "Ki ce musu kin manta. Ɗan'uwana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ke mace ce, za su sassauta miki."

Ta dube shi, mayafinta a hannu.

"Malam, ranar nan kana zaune a falon, katinka yana aljihunka. Me ya sa bai ari taka ba?"

Carbin ya tsaya.