Yatsu Huɗu a Bakin Rijiya

A Daudawa in ka tambayi gidan Malam Mani, sai mutane su tsaya kallon juna. Amma ka ce Baba Mani Mai Rijiya, ko mace mai tallan nono ka tare za ta nuna maka ƙofar. Tsoho ne gajere mai faɗin kafaɗa, magana sai ta kama dole, hannunsa na hagu kuma yatsu huɗu ne. Ya kusa shekara arba'in a garin. Buri ɗaya ya rage masa, bai kuma taɓa ɓoye shi ba: in ta Allah ta kasance, a sa shi kusa da matarsa Mero a maƙabartar gabas da gari. Har wurin ya nuna wa masu haƙa, gindin wata aduwa.

Sai dai Baba Mani ba haifaffen ƙasar nan ba ne. Daga wani ƙauye na yankin Dakoro a Nijar ya fito, shekarar fari ta tamanin da huɗu, yana saurayi, da diga a kafaɗa da igiya a naɗe a ƙugu. Ya sauka zauren wani Malam Yahuza. Washegari mai masaukin nasa ya sa shi gaba suka je wurin mai unguwa da goro cikin ganye. Mai unguwa ya tambayi sunansa, da sunan ubansa, da sana'arsa. Ya fasa goro ya ci, ya miƙa wa dattawa, ya ce, "Ka zama namu." A wurin Mani maganar zama ta ƙare ran nan. An ci goronsa a gaban mutane, wace shaida kuma ta rage?

A rijiyar farko da ya gina a garin igiya ta naɗe masa ƙaramin yatsa, guga cike da laka ya fizge shi. Ya ɗaure da tsumma ya koma rami bayan kwana tara, don garin na shan ruwan tafki tare da shanu. Ranar da ruwa ya ɓullo, 'yar Malam Yahuza ce ta kawo wa ma'aikata fura. Ita ce Mero.

Yana da wata al'ada da ya ɗauko daga wanda ya koya masa aiki. In an gama ɗaure bakin rijiya da siminti, tun bai bushe ba, sai ya danna tafin hannunsa na hagu a gefen gabas. Ba don ado ba. Maigidansa ya ce rijiya amana ce, in ta rufta ko ta ƙafe, a san hannun da za a nema. Shi bai yi boko ba, saboda haka sai ya nemi duk wanda ya iya rubutu a ƙauyen, malamin makaranta ne ko malamin gona, ya ba shi ƙusa ya rubuta shekara kusa da hannun. Haka ya bi ƙasar Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara, rani bayan rani, har rijiya sittin da uku. Ba a taɓa neman hannun don rijiya ta rufta ba.

Sai zamani ya juya. Daji ya lalace, baƙon fuska ya zama abin tsoro, aka yi shela cewa duk wanda ba ɗan ƙasa ba ya je ya yi rajista a ba shi katin zama, wanda wa'adi ya wuce bai yi ba za a mai da shi inda ya fito. Baba Mani ya ji shelar a rediyo, ko a jikinsa. 'Yarsa Shafa'atu, wadda ke aure a Ƙanƙara, ita ce hankalinta ya tashi. Ta hau mota ta zo ta same shi yana gyaran igiya a zaure.

"Baba, ka je ka yi rajistar nan?"

"Ni na yi tawa tun ba a haihe ki ba."

"Ina takardar?"

Ya dube ta kamar ta tambaye shi takardar shaidar sallar asuba. "An ci goro, ɗiyata. Gaban mai unguwa, gaban kakanki."

"Duk sun rasu, Baba. Mai shayin tasharmu, shi ma ɗan Nijar, shekararsa ashirin a Ƙanƙara, makon jiya aka sauke shi daga mota a shinge. Yana can bakin iyaka yanzu." Sannan ta faɗi abin da ta san zai taɓa shi. "In aka mai da kai can, wa zai sa ka kusa da Inna?"

Igiyar ta faɗi daga hannunsa, bai ɗauka ba.

Suka je wurin Alhaji Gide, ɗan tsohon mai unguwa, wanda ke riƙe da unguwar yanzu. Shi a ganinsa abin bai kai a ta da jijiyar wuya ba. "Haba Baba, wa zai ce kai ba ɗan Daudawa ba ne? In rubuta nan aka haife ka, a wuce wurin."

Tsohon ya girgiza kai. "Ubana na kwance a Dakoro, Alhaji. Ban musun shi don kati. Rubuta abin da ka sani."

Alhaji Gide ya rubuta abin da ya sani, yana gunaguni a kan taurin kan tsofaffi.

Saura kwana uku wa'adi ya cika suka isa ofishin rajista a Faskari. Jami'in da suka samu, Malam Harisu, mutum ne mai haƙuri, bai kai shekara arba'in ba. Ya karɓi tsohon katin Nijar da hotonsa ya koɗe, ya karɓi takardar mai unguwa, ya cike fom. Saura dangwale. Ya kama babban yatsan Baba Mani ya ɗora a kan gilashin na'ura. Jar wuta. Ya ɗora manuni. Jar wuta. Aka goge yatsun da auduga, aka shafa mai, aka ce ya goga a goshi, aka bi su ɗaya bayan ɗaya har tara. Malam Harisu ya juya tafin ya duba da idonsa. Babu zane ko ɗaya. Igiya da siminti sun cinye shi tas, fatar ta yi sumul kamar cikin tsohuwar ƙwarya.

"Baba, na'ura ba ta ganinka," in ji shi a hankali. "Akwai hanya ga wanda yatsunsa ba su fita, amma sai da shaidar da ta nuna kai ɗin nan ne ka yi shekarun nan a ƙasar nan. Takardar mai unguwa kaɗai ba ta isa yanzu, an yi ta kawo na ƙarya."

Shafa'atu ta ce, "Sunansa na cikin takardun makarantata."

"Mani nawa ne a ƙasar Katsina, Malama? Abin da zai haɗa sunan da jikin nake nema. Ko katin asibiti mai hoto, ko wata tsohuwar takarda mai dangwale."

Ina Baba Mani ina asibiti? Yatsansa ma da tsumma ya yi jinya. Ya fito ya zauna a inuwar dalbejiya. Mutumin da ya sha sauka rami gaba ashirin, ƙasa na zubo masa a ka bai taɓa jin gabansa ya faɗi ba, ran nan tsoro ya kama shi sosai. Ya ga kansa a tashar Dakoro da ƙullin kaya, ba wanda ya san shi, ya ga an sa wani daban a gindin aduwar nan. Ransa ya ɓaci har ya kasa duban 'yarsa.

Aka kira azahar. Ya ɗauki buta ya tsuguna a dakalin masallacin ofis ya yi alwala. Da zai tashi, gwiwar tsufa ta ƙi, sai ya dafa siminti da jiƙaƙƙen hannunsa na hagu. Malam Harisu na bayansa yana jiran butar. Baba Mani ya miƙa masa, mutumin bai karɓa ba. Idonsa na kan dakali, inda sawun hannu mai yatsu huɗu ke bushewa a rana.

"Baba," ya ce, muryarsa ta sauya, "ka taɓa aiki a 'Yargoje?"

"Rijiya uku."

"Har da ta bayan makaranta?"

"Gaba sha tara. Dutse muka samu a ta sha biyu, sai da muka yi wata guda muna fasa shi."

Malam Harisu ya zauna a kan dakalin da kakinsa, bai ko duba ƙura ba. "Ni ɗan 'Yargoje ne. Da ruwan rijiyar nan aka yi mini wankan suna. Akwai hannu a bakinta, yatsu huɗu. Mu tun muna yara ce mana aka yi hannun aljanin da ke tsaron ruwan ne, shi ya sa ba ta ƙafewa. Wanda ya isa jarumi a cikinmu shi ke sa hannunsa a ciki ya ruga."

Baba Mani ya yi ɗan murmushi, na farko a ranar. "Aljanin ya tsufa, ɗana."

"Akwai shekara a rubuce kusa da shi. A nan kaɗai ka yi haka?"

"Duk inda na gina."

Washegari da hantsi Malam Harisu ya iso Daudawa a kan mashin, da waya mai ɗaukar hoto da littafi a aljihu. Suka fara da rijiyar farko. Shekara da shekaru mata na jan guga a wurin, igiya ta yi wa bakin kwari-kwari, amma gefen gabas na nan, da hannun, da 1984 a rubutun marigayi hedimastan garin. Baba Mani ya durƙusa ya sa tafinsa. Ya zauna daram, har gurbin da yatsan ya ɓace, ga ma ɗan kwarin da ƙullin tsumma ya bari a simintin. Mutanen da suka taru, waɗanda kullum suke taka wurin, suka zuba ido kamar yau suka fara ganinsa.

Kwana biyu suna yawo, tsoho a bayan mashin yana nuna hanya da haɓa. Bai ɓata ko sau ɗaya ba. Kafin su isa kowace rijiya sai ya faɗi zurfinta da irin ƙasar da ya samu, jami'in ya leƙa ya ga haka ne. Shekarun suka yi ta jeruwa a littafi, tamanin da bakwai, casa'in da huɗu, dubu biyu da shida, kowace da rubutun mutum daban, hannun kuwa ɗaya. A wani ƙauye ta wajen Sabuwa suka tarar ba kowa, mutane sun gudu, ciyawa ta rufe ƙofofi. Rijiyar na nan cike da ruwa, tana jiran masu ita. Baba Mani ya cire wani reshe da ya faɗa bakinta, aka ɗauki hoto, ba su daɗe ba.

'Yargoje ce ta ƙarshe, ranar da wa'adi ke cika. Labari ya riga su isa. Mata sun cika bayan makaranta da bokitai a hannu, ba mai ɗiba. Tsohon ya sauka daga mashin, ya ratsa su ya durƙusa a gefen gabas, kusa da 1991. Da hannun ya shiga gurbinsa, wata mata ta ce "La'ilaha illallahu" a hankali, sauran ba wadda ta yi motsi.

Wata tsohuwa ta fito daga cikinsu, Hajiya Hussaina, mahaifiyar Malam Harisu. Ta zura guga da kanta, ta hana kowa taya ta, ta zuba ruwan a kwano ta riƙe da hannu biyu ta miƙa masa.

"Malam, shekara talatin muna shan ruwanka muna neman tsari daga gare ka. Ka yafe mana."

Ya karɓa ya sha. Ya daɗe bai ɗago fuskarsa daga kwanon ba, kuma ba ƙishirwa ce ta riƙe shi ba.

Malam Harisu ya rubuta bayani shafi huɗu, ya haɗa da hoton rijiya goma sha ɗaya, ya aika Katsina, ya ba tsohon 'yar takardar riƙo kafin amsa ta zo. Mako bakwai Baba Mani bai fita Daudawa ba. Duk motar da ta tsaya a bakin hanya sai ya ɗaga kai.

Wata ranar Laraba jami'in ya kawo katin da kansa, Shafa'atu na gidan. Baba Mani ya juya shi gaba da baya, ya ga hotonsa, ya miƙa mata.

"Karanta."

Ta karanta sunansa, da sunan ubansa, da ƙasar haihuwa, Nijar.

"Wurin zama fa?"

"Daudawa, Baba."

"Sake faɗi."

"Daudawa."

Ta miƙo masa, ya mai da hannunta. "Ki aje wurinki. Ranar da za a buƙace shi ba ni iya nunawa. In wani ya ce baƙo ne, ki fito da shi."

Ya shiga ɗaki ya ɗauko fartanya. Damina ta yi nisa, ya san ciyawa ta rufe gindin aduwar, nasa gefen da na Mero.