Nababa da Manyan Lambobi

Jikana Nababa injiniya ne, shekararsa tara yana auna siminti a Lusail, can ƙasar Qatar. Tun yana firamare a Gwale bai yarda da ƙaramar lamba ba. In ya ci tamanin da tara, ranar ba zai taɓa tuwo ba. Wannan halin ya kai shi Doha, shi ne kuma ya zaunar da shi ranar da ya fi son tafiya gida.

A 2016 ya ɗauko ni maganin gwiwa, na sauka gidansa a unguwar Old Airport. An sa bikin ƙanwarsa Firdaus a Janairu, shi zai ba da aurenta tunda ubansu ya rasu. To mutum ɗaya kamfani zai ba hutu a sashensu, ga wani Issifu ɗan Kumasi shi ma yana so. Maimakon su sasanta kamar masu gemu, sai suka bi shawarar Amurkawan ofis: kowa ya canki zakarun rukuni takwas na ƙwallon Amurka, wannan da ƙarti ke rungume abu kamar gwanda suna bangazar juna. Wanda ya fi canka daidai in an gama, hutu nasa ne.

"Maigida, caca ka fara?" na ce.

"Haba amarya, ba ko riyal ɗaya a ciki. Lissafi ne."

Ya baje takardar da ya bugo, ɗauke da lambobin da 'yan cacar can suka ɗora wa kowace ƙungiya. Sai na ga yana zagaye manya-manyan da jan biro.

"Wannan mai dubu biyu da ɗari biyar ita ce gwana," in ji shi. "Dubi wannan kuwa, har da alamar ragi. Ta faɗi tun ba a fara ba."

Ni shekara talatin na yi ina sayar da ɗanwake a ƙofar gidan dambe. Na ce, "Yaro, in ka ji an ce za a ba ka goma a kan ɗaya, to ɗan damben da ka bi ko akuya ba zai kayar ba. Mai babbar lamba shi ne rago. Tambayi Turawan nan."

"In tambayi yadda ake karanta takardar caca? Ni da nake jan salla a ofis? Khalas, zance ya ƙare, Hajiya, sha maganinki."

Issifu kuwa ranar ya je ya tambaya, yana dariya.

Wata huɗu muka yi cikin tsaki. Duk Litinin, washegarin wasa, Nababa zai fito karin kumallo da fuska kamar an jiƙa kwali, matarsa Atine ta ajiye shayi ta lallaɓa. Ni ban lallaɓa ba. "Ango, yau ma gwanayenka sun sha ƙasa?"

A cikin takwas, ɗaya ya ci. Issifu biyar.

Ya roƙi manaja, ya roƙi Issifu, wanda ya riga ya sayi tikitin Accra. Ƙarshe dole ya kira Baffa Mansur, da suka shekara uku ba sa gaisawa, ya wakilce shi.

Ranar tafiyarmu biki, Nababa ne ya tura mana akwatuna a filin jirgi, ni da Atine. Ya miƙo mini sabuwar babbar rigar da ya ɗinka don ɗaurin auren, a leda.

"Ki ba Baffa," ya ce. "Tsawonmu ɗaya."

Na karɓa. Tsiyar da na tanada tun daga gida, sai na haɗiye ta.