Yaya Haruna da Kwanrod na Huɗu

Shekara goma sha biyar ke nan cif da muka kai Yaya Haruna makwancinsa. Tsofaffin direbobin Daura sun san shi da Haruna Mai Inji, bakaniken da ke da rumfa a bayan tasha. Shi wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, ya girme ni da shekara tara, kuma shi ya riƙe sifana domin ni in riƙe alli. Yanzu na yi ritaya daga koyarwa, yara sun watse kowa da gidansa, abokan hira ƙasa ta cinye rabi. Da la'asar nakan zauna a ƙofar gida ni kaɗai, in ga mota ta wuce in ce a raina da Yaya na nan da ya faɗi ciwonta daga jin kukanta. Duk shekara nakan ɗauki biro in rubuta wani abu a kansa, sai in ajiye, domin akwai maganar da in ban faɗe ta ba duk yabon da zan yi masa holoƙo ne. Bana zan faɗe ta.

Abin ya faru a shekarun farko na shari'a a jiharmu, lokacin da ko wane masallaci ka shiga wa'azin mudu da sikeli ake yi, ana jan kunnen masu algus. Yaya yana da wata tsohuwar a-kori-kura da ya saya a mace. A lokacin, duk motar da ta ɗauko gero daga ƙauyukan da ke bayan Babban Mutum sai ta sha wuya a rairayi. Injin ya yi ta kuka, taya na tona rami, a sauke buhuna a tura, a sake lodi. Yaya ya rantse sai ya haɗa injin da zai ratsa wannan rairayi da cikakken kaya ba tare da an sauke ko buhu ɗaya ba. Ya kai bulok, wato gangar jikin injin, Kano aka faɗaɗa masa ramukan silinda, ya sa manyan fistin, ya yi wasu dabaru da ni ban gane kansu ba har yau. Injin ya tashi da ƙarfi kamar zai tsinke daga jikin motar.

Sai dai ƙarfin ya fi ƙarfin kwanrod. Ga wanda bai sani ba, kwanrod shi ne sandar ƙarfen da ke haɗa fistin da karanshaf, duk bugun da inji ke yi a kansa yake sauka. Na asalin motar sun lanƙwashe cikin mako biyu. Yaya ya yi ta bincike har ya gano cewa akwai na wata babbar mota, tsawonsu ɗaya da nasa, amma ƙerarru ne, ba zubi ba. Guda huɗu yake bukata, kuma dole su zama 'yan gida ɗaya, lamba ɗaya. Masu motocin hatsi suka ce in abin ya yi, duk za su kawo masa nasu. Wasu kuma suna dariya a tasha, wai Haruna zai mai da jaki doki.

Yana da wata al'ada da ban taɓa ganin ya tsallake ba. Kowane kwanrod, kafin ya shiga inji, sai ya rataye shi da zare ya ƙwanƙwasa da sifana, ya karkata kai yana saurare. Lafiyayyen ƙarfe yana da doguwar ƙara, mai tsaga ko na zubi kuwa ƙararsa gajera ce. Daga nan ya ɗauke su zuwa wurin wani maƙerin azurfa a cikin gari a ɗora su a sikeli ɗaya bayan ɗaya. Mutane na cewa ya cika fi'ili, shi kuwa ko a jikinsa.

Da hutun makaranta ya zo sai ya aike ni Kano. Bai yi boko ba, lambobin da ke jikin ƙarfe kuma ƙanana ne, idonsa ya fara ba shi wahala. Ya kwafo lambar a bayan kwalin ashana kamar mai zanen hoto, ya ce, "Malam, kai ne mai ido. In ba wannan lambar ba ce, ko kyauta aka ba ka kada ka karɓa."

A Kano ban san kowa ba sai kawun matata, don haka can na sauka. Duk Bahaushe ya san yadda cin abinci yake a gidan surukai. A kawo tuwo da miya har da nama, in gutsiri loma biyu in rufe kwano in ce alhamdu lillahi, cikina kuwa na kiran ciroma. In fita in sayi abinci a titi, ina tsoron wani ɗan gidan ya gan ni a ce na raina girkinsu. Kwana uku ina yawo a kasuwar Ƙofar Ruwa cikin farar riga, daga wannan rumfa zuwa waccan, ina tona tulin ƙarafa. A rana ta uku na samu guda uku wurin wani dattijo mai kayan Kwatano, lambarsu daidai da ta kwalin ashana. Na huɗun ne babu.

Ina so a san cewa dattijon nan bai cuce ni ba. Ya ɗauko wani ya ce, "Wannan a ido kamarsu ɗaya, tsawo ɗaya, amma ba gidansu ɗaya ba. Ka ƙara kwana huɗu, akwai kaya a hanya." Kwana huɗu kuma a gidan surukai, bayan na riga na cika kwanakin baƙunta! Na tsaya ina juya ƙarfen a hannu, jiri na ɗibata. Na ce wa kaina ai ƙarfe ƙarfe ne, tsantsenin Yaya ne kawai ya yi yawa. Na karɓa. A bayan rumfar na tsoma yatsa cikin baƙin mai na shafe wurin lambar, na shafa wa sauran ukun ma don su yi kama. Ni da nake tsayawa gaban yara ina karanta musu illar algus.

Da na iso Daura na tarar har ya tanadi zarensa. Ya ɗaura na farko, ya ɗaga sifana, sai ya dube ni ya ce, "Ka duba lambar?" Na ce na duba, duk ɗaya ce. Sai ya kwance zaren ya cusa a aljihu. "To, in kai ka duba ai magana ta ƙare." Bai ƙwanƙwasa ba, bai je wurin maƙeri ba. A ganinsa, gwada kayan da ƙaninsa mai ilmi ya kawo cin fuska ne. Wannan ne karo ɗaya tak da na san ya bar al'adarsa, kuma don ni ya bari.

Injin ya yi mako uku yana aiki lafiya, har na fara samun barci. Ranar wata kasuwa aka yi wa motar lodin gero har sama, direbobi suka biyo shi a baya don su gani da idonsu. Ta ratsa rairayi na farko, ta ratsa na biyu, mutane na kabbara. A na uku aka ji ƙara kamar an fasa dutse. Kwanrod ɗaya ya karye ya huda bulok ya fito waje, mai ya malale a kan yashi. Waɗanda ke wurin sun ce Yaya ya durƙusa ya tsince gutsattsarin ƙarfen ya zuba a aljihu, ya miƙe ya ce, "Laifina ne, ban ɗaure noti daidai ba."

Bakaniken da ya ce da bakinsa bai iya ɗaure noti ba, wa zai sake ba shi inji? Manyan ayyuka suka ɗauke ƙafa. Ya koma gyaran injin niƙa da na ban-ruwa, aikin da a da yake tura wa wasu. Shekara shida ya yi a haka. Duk Juma'a nakan je mu gaisa, ya ba ni tabarma, mu yi hirar damina da farashin taki. Sau da yawa maganar takan zo min har maƙogwaro, sai in ce bari sai ya ɗan huce, bari sai bayan salla. Ko da ya kwanta ciwon ajali na zauna a gefensa kwana da kwanaki, ina yi masa fifita, bakina ƙum. Tsoro nake kada ya dube ni da wani ido daban, domin duk duniya ba ni da wanda ke ganin girmana kamarsa.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Inda rumfarsa take yanzu shagon cajin waya ne. Makanikai na ɗaukar hoton ƙarfe su aika Kano ko Legas, washegari ya iso a mota, ba wanda ya kwana gidan surukai. Ana jona wa mota na'ura ta faɗi ciwonta. Na san zai yi sha'awar na'urar, don shi mutum ne mai son sabon abu. Amma na san zai tambaya, wannan ƙarfen da aka saya daga hoto, wa ya ji ƙararsa? Kwanan baya na tambayi wani bakanike ko yana rataye kwanrod da zare, ya dube ni kamar na yi masa wani yare.

Watan jiya na je gaida matarsa, Yaya Indo. Ta tsufa, ita ma ita kaɗai ce a sashenta. Na ce yau dai sai na sauke kayan nan, na fara ba ta labarin Kano. Ban kai rabi ba ta katse ni.

"Kai ma dai Malam, sai yau? Ai tun ranar ya sani. Da ya dawo ya wanke gutsuren da kananzir, ya ɗora kusa da sauran, ya ga lambar ba ɗaya ba."

Na ce, to me ya ce?

"Cewa ya yi, 'Yunwa yaron nan ya sha. Ni na aike shi Kano ban tambayi inda zai sauka ba.' Ya kuma hana ni faɗa. Ya ce kai malamin makaranta ne, in aka ji ka yi algus wa zai ba ka ɗansa."

 Na yi shekara shida ina ɓoye wa mutum abin da shi yake ɓoye mini, muna zaune a tabarma ɗaya. Da na buɗe baki sau ɗaya, da ya samu damar cewa ya yafe, da ni ma na ji da kunnena. Na hana shi wannan, na hana kaina, kuma babu inda zan je in same shi yanzu.

Bai bar gida mai bene ba, injin da ya ci burinsa ma tuni aka auna shi a kilo. Abin da ya rage nasa sunansa ne, shi ma da tabon da ba shi ya jawo ba. Yawancin direbobin da suka tsaya a rairayin nan sun riga mu gidan gaskiya, sauran kuma ƙila ba sa karanta jarida. Duk da haka, wanda ya karanta ya kai wa wanda ya rage: Haruna Mai Inji ya ɗaure notinsa daidai. Ƙarfen ne ba na gidan ba, kuma ni ƙaninsa Sabitu, ni na kawo shi na shafe lambarsa da hannuna. Allah Ya rufa masa asiri a can kamar yadda ya rufa mini a nan.