Ranar da Inna ta faɗa Kwara

Ban taɓa ganin Inna cikin ruwa ba sai ranar da ta faɗa Kwara. A Yelwa aka haife ni, kogin kuma yana nan bakin gari, amma iyakar Inna da shi gaɓa ce, inda take sayen kifi ta kawo gida ta soya. Na san dai a wani gungu aka haife ta, cikin tsibiran da ke tsakiyar ruwa, sai aure ya kawo ta gari, ba ta kuma cika zancen can ba.

Lokacin ina budurwa. An ɗan jima da samun mulkin kai, ana ta aikin dam a Kainji, kowa a bakin ruwa zancensa ɗaya, wai ruwa zai taso ya cinye gungaye da gonakin albasa. Ana cikin haka saƙo ya zo daga wani ƙauye a ƙasar Ngaski, kusa da Wara, inda yayata take aure. Haihuwa ta zo mata da wuri, kafin a kawo ta gida wanka. Ta sauka lafiya, an sami ɗiya mace, amma ba mai kula da ita sai wata tsohuwa maƙwabciya.

Yayata ce 'yar fari, don haka Inna ko sunanta ba ta kira, balle ta nuna ɗoki. Cewa kawai ta yi, "To, Allah shi raya." Amma kafin azahar ta daka yaji, ta ƙulle kanwa da daddawa, ta kwance jar akuyarta ta ce ta jinjira ce. Damina ta ɓata hanyar mota, sai ta aika aka kira yayanta, Kawu, mai jigilar albasa da busasshen kifi a kwale-kwale.

Kawu ya dubi akuyar, ya dubi Inna.

"Ruwa bai gama cika ba," ya ce. "Duwatsun gangare suna waje. Ki ɗan haƙura ya ƙara tasowa."

"Yaya, suna zai jira ni ne?"

"To, ki bar dabbar nan."

"Da ita za mu tahi."

Washegari da hantsi muka tashi, mu huɗu: ni da Inna a tsakiya cikin kaya, Kawu a baya da filafili, a gaba kuma abokin aikinsa, wani dogon Bakambare mai riƙe da gora. Shi Kirista ne, Kawu kuwa ba ya wasa da salla, amma sun daɗe suna ci a kwano ɗaya, kuma a kan ruwa ba sa bukatar magana, kallo ya ishe su.

Da farko tafiyar daɗi gare ta. Ruwa shimfiɗe, muna wuce gungaye, mata na wanki suna ɗago mana hannu. Can sai na fara jin wani ruri daga nesa, kamar hadari na tahowa, alhali sama tas take. Kawu ya karkata mu gefe, ya hau wani dutse ya daɗe yana kallon gaba. Da ya sauko ya sake ɗaure kaya, ya ɗaure ƙafafun akuyar da kaba, igiyar wuyanta kuwa Inna ta naɗe a hannu.

"Ki zauna ƙasa sosai," ya ce mini. "Kada ki fid da yatsunki bayan jirgi, dutse zai murƙushe su. Ga ƙoƙo, duk ruwan da ya shigo ki kwashe. Kome ya faru, kada ki miƙe."

Muka shiga. Kogin nan mai faɗi ya matse tsakanin baƙaƙen duwatsu, ya koma fari fat da kumfa. Hancin jirgin ya nutsa, sai kuma muka ɗaga sama, ruwa mai sanyi ya watso mini a fuska. Bakambaren na dungurin dutse da gorarsa, nan dama, nan hagu, muna wucewa ta wurin da na rantse ko akushi ba zai bi ba. Ban san lokacin da na fara dariya ba. Tun da nake ban taɓa gudu irin wannan ba, ko a mota, kuma gaskiya a wannan lokacin ban so ya ƙare ba.

A gangare na biyu ne gindin jirgin ya gogi dutse. Muka karkata, ruwa ya kwararo ciki. Kabar da ta jiƙe ta saɓule, akuyar ta zabura ta yi tsalle waje, ta fizgi Inna. Na kai hannu na cafko bakin zanenta, ya zame mini. Na ga tafin ƙafarta, daga nan sai kumfa.

Na yunƙura zan miƙe. Kawu ya daka mini tsawar da bai taɓa yi mini ba.

"Zauna! Kwashe ruwa."

Ba yadda za a tsaya a wurin. In ya saki filafili jirgin zai juya a gicciye, mu kife duka. Haka na yi ta kwasar ruwa ina kiran Inna, ba na ko jin muryata saboda ruri, har kogin ya tofo mu cikin wani faffaɗan wuri mai sanyin gudu.

Suka juya jirgin suka tsaya a gefen kumfar. Kallabinta ya zo ya wuce mu, ba wanda ya kai hannu. Bakambaren ya tuɓe rigarsa yana shirin faɗawa, sai dai bai san ina zai nufa ba. Leɓen Kawu na motsi da addu'a, idonsa na bin ruwan. Ni kuwa abin da ya faɗo mini a rai shi ne, me zan ce wa mai jego in mun isa.

Bakambaren ne ya fara gani. Ya nuna can ƙasa da mu, wajen wani yashi. Kan akuya ne, ja, yana ɓullowa yana nutsewa. A gefensa ga kan mutum. Inna ce, ta riƙe kunnen akuyar da hannu ɗaya, tana iyo da ɗayan, tana yanka ruwan a karkace ba tare da gaggawa ba, kamar mai tsallaka titi.

Kafin mu isa ta riga ta fita ta zauna a kan yashi tana tari. Igiya ta saɓule mata fatar wuyan hannu, goshinta ya kumbura, kanta ba kallabi. Na faɗa jikinta ina kuka. Ta bari na yi mai isata, sannan ta ce, "Yajin nan ya jiƙe?"

Kawu ya sauko daga jirgi, ya zube a kan yashi ya rufe fuska da hannu.

"Na ɗauka kin manta iyo," ya ce.

"Ni ma haka na ɗauka," in ji Inna. "Da na ji ruwan ya danna ni ƙasa sai na bar shi, ban yi kokawa da shi ba. Na warware igiyar, na sa ƙafafu gaba kamar yadda ka koya mini. Da ya gaji ya sake ni. Ina ɗagowa na ga akuyar kusa, na ce ai ba a bar ta ba."

Bakambaren ya fashe da dariya, har ya riƙe ciki. Kawu ma ya kama, hawaye na bin gemunsa. Muka shanya kaya a kan yashi, muka ci ɗanyar gyaɗa da wani mai gona ya kawo mana, kuma ban taɓa cin abin da ya kai ta daɗi ba. Ban sake bin wannan gangare ba. Ba a daɗe ba dam ya cika, tafki ya rufe duwatsun.

Da la'asar muka isa ƙauyen. A bakin ruwa Inna ta ja ni gefe ta ce kada in kuskura in gaya wa mai jego, kada tsoro ya ɗauke mata nono. Na yi shiru har aka yi suna. Amma kullum Inna ke yi mata wanka da ruwan zafi, ba yadda za ta ɓoye hannun. Wata safiya yayata ta kama hannun ta juya shi.

"Inna, wannan ba ƙunar mai ba ce. Me ya same ki?"

Inna ta zare hannunta, ta tsoma ganye a tukunya.

"Tambayi ƙanwarki," ta ce. "Tun da muka zo labarin ke cinta. Juya bayanki, ruwa na hucewa."