Tauraro a Takardar Jinina

Ko na so in manta da ranar Litinin ɗin da na gwada injin ƙirga jini da jinina, abokan aiki ba za su bar ni ba. Lokacin ina ƙaramin ma'aikaci a ɗakin gwaje-gwaje na wani asibiti a Pantami, a shekarun da 'yan gudun hijira daga Borno suka cika Gombe, layin masu jiran sakamako yana kaiwa har bakin titi.

Ƙa'ida ita ce kowace safiya a fara ba injin wani jini na musamman da kamfani ke aikowa, wanda an riga an san abin da ke cikinsa, don a tabbatar yana ƙirga daidai. Namu ya ƙare, motar da za ta kawo sabo kuma ta maƙale a shingayen sojoji. Sai na ce ai ga ni, lafiyata garau. Na ɗebi jinina na ba shi.

Takarda ta fito da alamar tauraro a gefen fararen ƙwayoyin jini, wai akwai waɗanda ba su ƙosa ba da yawa. Ga wanda ba aikinsa ba ne, fararen ƙwayoyi su ne masu yaƙi da cuta. A ɓargo ake renonsu, ba sa fitowa sai sun ƙosa. In aka ga ƙanana a cikin jini, galibi jiki ne ke fama da wata cuta har ya turo 'yan koyo, juna biyu ma yana kawo haka. Wani lokaci kuma, ba kasafai ba, sankarar jini ce. Duk na san wannan, na ci jarrabawa a kai. Amma da yake jinina ne, na ƙarshen kaɗai na tuna.

Na ninke takardar na cusa a aljihu, kwana uku ban gaya wa kowa ba. Tsoro ya kama ni. Na bi dangi a waya ina neman gafara, har matata ta tambaya ko kujerar Makka aka ba ni. Ranar Alhamis na shiga ofishin shugabarmu, Madam Rifkatu, na shaida mata cewa madubin duba jinin da muka ce iska ce ta kayar da shi bara, ni ne iskar.

Ta cire tabarau ta ce, "Buba, wannan tuba haka kwatsam, lafiya?"

Na miƙa mata takardar. Ta karanta ta ce, "Ka shafa a gilashi ka duba da idonka?"

"A'a, Madam."

"Kai ne fa kullum kake gaya wa ɗalibai cewa injin nan ƙirga kawai ya iya."

Ta soke ni a yatsa, ta shafa, ta rina, ta leƙa madubi. Ko minti biyu ba ta yi ba ta ce, "Waɗannan sun kusa ƙosawa, ba irin na sankara ba ne. Wani wuri a jikinka ya yi ruwa. Kuma tun makon jiya na lura da gefe ɗaya kake zama a kujera."

Maruru ne, ƙato, a inda ba a faɗa. A ranar nan likita ya tsaga shi, kafin la'asar har masu gadi sun ji labari.

Washegari tauraron ya sake fitowa, a takardar wani dattijo, Baba Modu, mai wankin hula da ya gudo daga Borno ya zauna a Kagarawal. Da a da ne, sai in miƙa masa ta taga in ce ya je ya ga likita. Na shafa, na duba, na kira Madam. Ta daɗe ba ta ɗago kai ba. Nasa ƙwayoyin na sankarar ne na gaske.

Da kaina na raka shi wurin likita. A hanya ya kalli fuskata ya ce, "Ɗana, ni ne mara lafiyar ko kai? Saki ranka. Na baro gida da gona da kabarin 'ya'yana biyu, takarda ba za ta firgita ni ba."

Shi ya sa nake gaya muku, ku da kuka shigo aikin nan yanzu, in injin ya sa tauraro ku shafa ku duba, ku tambayi mai jinin abin da ke damunsa, kada ku sallami kowa ta taga. Ni na yi kwana uku ina makokin kaina a kan maruru, amma dattijon da ke ɗauke da abin da na ji tsoro shi ne ya riƙe hannuna yana lallashina har ƙofar likita.